Ƙarfen Juya Gashi a Zangon Wagadugu

Ƙarfen juya gashi dogon rodi ne da ake soke rago ko kaji da shi, a ɗora kan ƙafafu biyu bisa garwashi, mutum yana murɗa mariƙinsa a hankali. A Wagadugu masu walda ne ke ƙera shi, su tsaga duro gida biyu ya zama murhu. Ƙarfen baƙo ne a sana'ar fawa ta Hausawa. Fataken goro masu bin hanyar Gwanja sun ratsa ƙasar Mosi tun kafin Faransawa su ci Wagadugu a 1896, kuma mahautan da suka zauna a unguwar Zangouettin, zangon birnin, gashin tukuba suka zo da shi: a tara toka, a hura wuta a tsakiya, a kafa tsinken tsire kewaye. Mai tsire yanka-yanka yake sayarwa, gwargwadon kuɗin mai saye, don haka abin da yake bukata shi ne tsinke hamsin da zai juya ɗaya-ɗaya da yatsa. Naman da aka barbaɗe da ƙuli-ƙuli kuma ba ya son kitse ya riƙa kwarara a kansa.

Wani zai ce ai Hausawa ma suna gasa rago ɗungurungum ranar Babbar Sallah. Gaskiya ne, amma a dubi yadda ake yi a Maraɗi da Damagaram. Ana buɗe ragon layya, a miƙe shi kan sanduna biyu da aka gitta, a jingina gefen wuta ya wuni yana tsanewa, domin nama ne da za a raba, a ajiye saura. Murɗawa ba tsayawa ta mai son a ci da zafi ce, fata na ƙamshi, wato gashin mishwi na Arewacin Afirka, wanda Faransawa suka saba da shi a Aljeriya. Bukukuwa da gidajen abinci ne suka ba ƙarfen kasuwa, har aka kai ga akwatin gilashi mai juya kaji, wanda mutanen birnin ke kira kazar talabijin.

A 2003 aikin sabunta tsakiyar birni mai suna ZACA ya rushe Zangouettin da wani yanki na unguwar Koulouba, mazauna suka koma bakin gari. Tukuba ta bi su can, domin toka da tsinke kawai take bukata.