Yadda Shirin Erasmus Na Musayar Ɗalibai Ya Samo Asali

Shirin Erasmus, wanda ke bai wa ɗalibin jami'a a Turai damar zuwa wata ƙasa ya yi zango ɗaya ko biyu na karatu sannan ya dawo gida ya ƙarasa digirinsa, zai cika shekara 40 a 2027. Har yanzu akwai saɓani kan wanda ya fi cancanta a jingina masa kafa shi, kuma saɓanin yana da amfani, domin yana nuna abin da ya sa shirin ya yi tasiri.

Barin gida don neman ilimi tsohon abu ne. Ɗaliban Turai na zamanin da sun yi ta yawo tsakanin Bolonya, Faris da Oxford da harshen Latin a bakinsu, kamar yadda almajiran Borno suka riƙa zuwa Alƙahira har aka ware musu masauki a Azhar. Malamin da aka sa wa shirin sunansa, Erasmus na Rotterdam, ya yi karatu a Faris, ya koyar a Cambridge, ya rasu a Basel a 1536. Sai dai waɗancan matafiya ne da ke bin malami duk inda yake. Musaya ta sha bamban: ɗalibi yana da jami'arsa, zai tafi na ɗan lokaci, kuma abin da ya karanta a can za a lissafa masa a gida.

A kan wannan lissafin ne labarin Sofia Corradi ya zo. 'Yar Italiya ce da ta samu tallafin Fulbright a 1957, ta tafi Jami'ar Columbia a Amurka, ta yi digiri na biyu a fannin shari'a. Da ta dawo a 1958 ta kai takardunta jami'arta a birnin Rum, aka ƙi amincewa da su, ala tilas ta zauna ta rubuta jarabawar da ta rage mata kamar ba ta je ko'ina ba. Abin ya ci mata rai, domin ta san shekarar da ta yi a waje ta canja ta fiye da kowace shekara a aji, kuma ta lura cewa 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su iya ɓatar da shekara guda haka. A 1969, tana mai ba da shawara ga majalisar shugabannin jami'o'in Italiya, ta rubuta takardar da ta nemi a bar ɗalibi ya yi wani ɓangare na karatunsa a waje, bisa amincewar jami'arsa tun kafin ya tashi. Ta shafe shekaru tana bin wannan magana, abin da ya sa ake kiran ta Mamma Erasmus.

Akwai masu ba da wani bayanin. Wasu na cewa kotu ce ta buɗe ƙofa, da hukuncin shari'ar Gravier na 1985, inda Kotun Turai ta hana Beljiyam cajin wata ɗaliba Bafaranshiya kuɗin makarantar da ba a karɓa daga 'yan ƙasa. Wasu kuma na yaba wa Franck Biancheri da ƙungiyar ɗalibai ta AEGEE, waɗanda suka shawo kan Shugaba Mitterrand na Faransa ya goyi bayan shirin a 1987. Haka nan ba a manta da kwamishinan Hukumar Turai Manuel Marín ba, wanda a ƙarshen 1986 ya gwammace a janye ƙudurin kafa shirin gaba ɗaya da a zartar da shi ba tare da kuɗin tallafin ɗalibai ba, bayan manyan ƙasashe sun ja da baya. Duk waɗannan sun taka rawa, amma sun warware matsalar doka ce da ta kuɗi. Da an ba ɗalibi guzuri ya tafi, ya dawo aka ce karatun bai shiga lissafi ba, kaɗan ne za su yarda su tafi. Matsalar da Corradi ta gano ita ce ginshiƙi.

An amince da shirin a watan Yunin 1987, kuma ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11 ne suka fara tafiya. A 1989 aka soma gwajin tsarin ECTS, wanda ya ƙiyasta karatun shekara guda da maki 60. Kafin tafiya, ɗalibi da jami'o'in biyu suna sa hannu kan darussan da zai ɗauka, kuma ba ya biyan kuɗin makaranta a inda ya sauka.

Wayewar da ake danganta wa shirin yawanci a wajen aji ake samun ta. Matashin da bai taɓa biyan haya ba zai nemi ɗaki da harshen da bai gama iyawa ba, ya yi cefane, ya dafa, ya zauna da mutanen da ba su san asalinsa ba, ya ji kewar gida ya daure. Yakan dawo yana kallon ƙasarsa da sabon ido. Duk da haka ya kamata a yi hattara da alƙaluman yabo, irin hasashen da Hukumar Turai ta yi a 2014 cewa an haifi jarirai kusan miliyan ɗaya daga ma'auratan da suka haɗu ta shirin. Masu tafiya tun asali sun fi zama masu ƙarfin hali da 'ya'yan masu ɗan abin hannu, tunda tallafin ba ya isar haya a birane masu tsada. Wannan giɓin da ya dami Corradi bai gama rufewa ba.

Daga 2004 reshen Erasmus Mundus ya buɗe digiri na biyu ga ɗaliban sauran nahiyoyi, ciki har da 'yan Najeriya da dama. A 2014 aka haɗe shirye-shiryen ƙarƙashin sunan Erasmus+, kuma kasafin 2021 zuwa 2027 ya haura Yuro biliyan 26. Birtaniya ta fice a ƙarshen 2020 bisa hujjar tsada, ta kafa shirin Turing a 2021, wanda ke ɗaukar nauyin masu fita kawai ba tare da masu shigowa ba, shi ya sa jami'o'inta da yawa suka ci gaba da neman a koma Erasmus.