Kunne da Baki a Horon Malaman Ingilishi: Abin da Tarihin Kaduna Ya Nuna

1. Gabatarwa

Masana koyar da harshe sun daɗe da kasa wannan aiki gida huɗu, wato saurare da magana da karatu da rubutu, sun kuma yarda cewa biyun farko su ne tushe, domin yaro yakan ji kafin ya faɗa, yakan kuma faɗa kafin ya rubuta. To amma duk wanda ya taɓa fita duba ɗalibai masu gwajin koyarwa a makarantun firamare na Kawo ko Unguwar Shanu ko Badarawa ya san cewa darasin Ingilishi a kan allo yake farawa, a nan kuma yake ƙarewa: malami ya rubuta, yara su kwafa. A wannan takarda za mu bi sawun yadda aka kai ga haka. Mun zaɓi Kaduna ne saboda cibiyoyi uku da suka fi tasiri a kan wannan al'amari a Arewa duk sun zauna a cikinta ko a gefenta, wato Kwalejin Kaduna, da gidan rediyo, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa. Abin da muke son nunawa shi ne, a duk lokacin da aka faɗaɗa horon malamai, abin da aka fara yarwa shi ne zaman da mai horarwa zai yi ya saurari bakin wanda yake horarwa.

2. Gadon Katsina

Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa, haka kuma makarantun Elementare da suka biyo bayanta. Ingilishi sai a gaba yaro yake gamuwa da shi sosai, musamman a makarantun Midil da aka tsara wajen 1930. Domin samar da malaman waɗannan manyan azuzuwa ne aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922. Ita ce aka ɗauko aka kawo Kaduna a 1938, ta zama Kwalejin Kaduna, kafin a mayar da ita Zariya a 1949, inda daga baya ta ɗauki sunan Barewa.

An san wannan kwaleji da tsananta wa ɗalibai wajen furuci. Alhaji Sir Ahmadu Bello ya yi karatu a cikinta daga 1926 zuwa 1931, Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa daga 1928 zuwa 1933, kuma irin Ingilishin da ya yi jawabi da shi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 a can ya samo asali. Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari sun yi zamanin Kaduna, kuma dukkan su huɗun da aikin malanta suka fara.

Mutane da yawa sukan ɗauka cewa sirrin wannan nasara shi ne malaman Turawa ne 'yan asalin Ingila. A ganinmu wannan rabin bayani ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ɗaliban 'yan kaɗan ne, a makarantar kwana suke, kuma shekara biyar ɗalibi yake yi malami yana jin bakinsa kullum yana gyara masa nan take. Sai dai kada waiwaye ya rufe mana ido. Kwaleji ɗaya ce tak ga faɗin Jihar Arewa, kuma abin da ta yaye cikin shekara ashirin bai kai abin da kwalejin ilmi ɗaya take ɗauka a shekara guda a yau ba. Tsari ne mai kyau da ba a gina shi domin jama'a masu yawa ba.

3. Zamanin Akwatin Rediyo

Da mulkin kai ya ƙarato, bukatar malamai ta ninka. Rahoton Ashby na 1960 ya kai ga kafa manyan kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar NCE, ciki har da ta Zariya a 1962. A shekarun nan ne kuma aka rungumi ra'ayin fara koyar da yaro da Ingilishi tun daga ajin farko a makarantu da dama na Arewa. Sakamakon haka shi ne nauyin koyar da magana ya sauka daga kan malamin Midil, wanda ya sha horo, ya koma kan malamin ƙananan azuzuwa, wanda shi ne mafi ƙarancin horo.

Maganin da aka nema shi ne rediyo. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, kuma Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Arewa tana da sashe a birnin mai shirya darussan makarantu ana watsa su. Daga baya, a 1977, aka kafa Cibiyar Fasahar Koyarwa ta Ƙasa a Kaduna, wadda ta gaji irin wannan aiki, harabarta kuma ta koma hannun Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a ƙarshe. Babu shakka rediyo ya kai lafiyayyen Ingilishi ƙauyukan da ba su taɓa ganin Bature ba. Amma akwatin rediyo baki ne da shi, ba shi da kunne. Yaro zai ji ya maimaita, amma in ya maimaita ba daidai ba, sai malamin aji ne zai gane, shi kuwa malamin ba a koya masa abin da zai kasa kunne ya ji ba. Wato an tsare saurare, an saki magana.

4. Ilmin Firamare ga Kowa da Horo daga Nesa

A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 a ajin farko, sai fiye da miliyan 3 suka bayyana. Aka cika azuzuwa da malaman da aka horar cikin gaggawa, da ma waɗanda ba a horar ba. Domin ɗinke wannan ɓaraka ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NTI, a 1976, aka ƙarfafa ta da Doka ta 7 ta 1978, mazauninta kuma yana Rigachikun a kan hanyar Zariya. Aikinta shi ne ɗaga darajar malaman da ke bakin aiki ba tare da an raba su da azuzuwansu ba, ta hanyar littattafan da ake aika musu da kuma haɗuwa ta ƙarshen mako da lokacin hutu. A 1990 ta fara ba da shaidar NCE ta wannan hanya.

Ba mu raina wannan aiki ba ko kaɗan, domin dubban malamai ta nan suka sami shaidar da suke cin abinci da ita. Abin lura dai shi ne, daga cikin sassan harshe huɗu, karatu da rubutu ne suke iya tafiya cikin ambulan. Littafi zai iya bayyana wa malami cewa Ingilishi yana da baƙaƙe 24 da wasula 20 a furuci, ya zana masa hoton harshe da leɓɓa, amma ba zai iya gaya masa ko ya furta daidai ba. Da haka darasin furuci ya rikiɗe ya zama darasin haddar alamomi.

Jarrabawa kuma ta ƙara ɗaure wannan hali gindi. A Nijeriya, takardar furuci ta hukumar WAEC a rubuce ake yin ta, ɗalibi ya zaɓi amsa ɗaya daga cikin huɗu ba tare da ya buɗe baki ba, alhali a Ghana ana kunna wa ɗalibai murya su saurara. Haka nan jarrabawar da Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 a 2017, wadda aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, ita ma ta rubutu ce. An yi ta muhawara a kan sakamakonta, amma ba a tsaya an tambayi yadda malaman suke magana a gaban aji ba, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi. Malami kuwa abin da za a jarraba shi a kai shi yake koya, shi kuma yake koyarwa.

5. Abin da Mai Koyon Malanta Yake Bukata

Wahalhalun Bahaushe a Ingilishi sanannu ne, kuma ba su da yawa. Sautin da muke rubutawa da f a Hausa da leɓɓa biyu ake yin sa, shi ya sa yaro yake gwama pan da fan. Ba mu da v, sai ya mayar da vote ya zama boat. Ba mu da sautin th, sai thin ya koma sin. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a jere, don haka take cusa wasali a tsakani, kamar yadda muka samu burodi da direba da filanki. Haka kuma Hausa karin sauti take amfani da shi, Ingilishi kuwa ƙarfafa gaɓa ɗaya yake yi ya raunana sauran, wannan ne ma ya fi hana yaro fahimtar magana in ta yi sauri. A ɗaya ɓangaren, Bahaushe yana da riba, domin wanda ya saba rarrabe gajeren wasali da dogo a harshensa ba zai sha wuya ba wajen rarrabe ship da sheep.

Duk wannan ana iya koyar da shi cikin zango ɗaya. Abin da ke cin lokaci shi ne horar da kunnen ɗalibi har ya riƙa jin waɗannan abubuwa a bakin yara, da horar da shi yadda zai sa yara masu yawa su yi magana a aji ɗaya, ta hanyar haɗa su biyu-biyu, da ba da umurni su aikata, da ba da labari su maimaita da nasu kalmomi. Manufa ita ce yaro ya fahimci wanda ya zo daga Inugu ko Ibadan ko London, su ma su fahimce shi. Kwaikwayon muryar Bature bai zama dole ba. A unguwannin Kaduna ta Arewa, inda Hausa ce harshen gida da kasuwa da wasa, malamin aji shi ne kusan kaɗai wanda yaro zai yi Ingilishi da shi ya amsa masa.

6. Kammalawa

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin, Ingilishi ya biyo baya. A 2022 aka tsawaita wa'adin harshen uwa zuwa shekara shida, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga farko. Ko mene ne ra'ayinmu game da wannan mataki, ya mayar da mu inda aka tsaya a shekarun 1960, wato nauyi ya sake komawa kan bakin malamin ajin farko, kuma in yaro bai ji abin da yake faɗa ba, lissafi da kimiyya ma sun tafi tare da Ingilishin.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na farko, kwalejojin ilmi su ware maki na musamman ga maganar ɗalibi a lokacin gwajin koyarwa, wanda bai ci ba ya sake. Na biyu, a yi amfani da wayar hannu da ke aljihun kusan kowane ɗalibi, ya ɗauki muryarsa yana koyarwa ya miƙa wa malaminsa ya saurara ya gyara, domin wannan na'ura ce da ke kai murya ta kuma dawo da ita, abin da rediyo da ambulan suka kasa. Na uku, Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, tare da NTI, su ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai saurara a darasin furuci. Ba za mu iya dawo da ƙananan azuzuwan Katsina ba, amma muna iya hana a ba mutum shaidar koyar da Ingilishi alhali babu wanda ya taɓa zama ya ji shi yana yin sa.