Kare Cikin Rigar Kabewa: Nazari Kan Yi Wa Dabbobi Shigar Biki a Amurka

Duk watan Oktoba, gabanin daren Halowin, unguwar East Village ta birnin New York kan cika da karnuka sanye da tufafi: wannan an mai da shi kabewa, wancan ɗan sama-jannati, ga wani da fukafukan jemage. Faretin dandalin Tompkins Square ke nan, wanda aka faro a farkon shekarun 1990, yanzu kuma dubban 'yan kallo ke tururuwa zuwa gare shi. Abin ya wuce wasa, ya zama kasuwa. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta National Retail Federation ta ƙiyasta cewa a 2023 Amurkawa za su kashe kimanin dala miliyan 700 a kan shigar dabbobi kaɗai, cikin dala biliyan 12.2 na hidimar bikin gaba ɗaya. Rigar kabewa ce kan gaba, shekara da shekaru.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 97 cikin ɗari na masu dabbobi a Amurka suna lissafa su cikin iyali, kusan rabi ma sun ce matsayinsu ɗaya da ɗan Adam na gidan. Wanda aka ɗauka ɗan gida kuwa ba a barinsa ba kwalliya ranar biki. Sai Instagram ta zo ta ƙara wa wutar fetur.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen karen da kansa, domin da jiki yake magana. Kunne a miƙe ko a kwance, wutsiya a sama ko a cusa tsakanin ƙafafu, gashin gadon baya in ya tashi, su ne harshensa. Hular da ta rufe kunnuwa da rigar da ta danne wutsiya suna toshe masa baki, sannan a kai shi cikin ɗaruruwan karnukan da su ma an toshe nasu. Alexandra Horowitz, mai nazarin tunanin karnuka a Kwalejin Barnard, ta yi bayani a littafinta Inside of a Dog na 2009 cewa a dangin kare, wanda ya fi ƙarfi kan ɗora jikinsa a kan baya ko wuyan na ƙasa da shi, don haka tufar da ta matse waɗannan wurare na iya sa kare ya sandare wuri guda. A ganina nan ne babban kuskuren fahimta yake. Mai shi ya ga ya tsaya ƙyam, sai ya ce kai, wannan akwai haƙuri, ya danna hoto, alhali dabbar tana hamma, tana lasar leɓe, tana kau da kai farin idonta a waje, duk alamun takura ne da likitocin dabbobi suka sani.

Ga kuma zafi. Kare ba ya zufa sosai sai ta tafin ƙafa, da haki yake huce jikinsa. Masu gajeren hanci irin su pug da buldog na Faransa dama numfashi na ba su wuya, kuma shi buldog ɗin ne ya karɓe kambun farin jini daga Labrador a lissafin American Kennel Club na 2022, bayan shekara 31. Wato karen da ya fi farin jini yana cikin waɗanda riga ta fi yi wa haɗari. Kyanwa kuwa ba sai an faɗa ba. A hana ta lasar jikinta an taɓa mata rai.

Wani zai ce ai mu ma muna yi wa doki ado ranar hawan salla. Gaskiya ne, sai dai dokin hawa tun yana ɗan dukushi ake saba masa da sirdi da linzami, kayan kuma an ƙera su ne bisa ƙirar jikinsa. Shigar Halowin sau ɗaya take zuwa a shekara, an yanka ta ne don ta yi kama da wani abu a idon mutum.

Ƙungiyar kula da dabbobi ta RSPCA ta Ingila, inda rigunan sanyi na Kirsimeti ke taka irin wannan rawa, ba ta hana sa wa tsohon kare ko mai ƙarancin gashi riga lokacin hunturu ba. A kan wadda ake sawa don dariya take jan kunne. Likitoci da dama sukan ba da shawarar ɗan ƙyalle a wuya, ko a sa kayan na 'yan mintoci a cire. Faretin Tompkins Square kuwa sa'o'i yake ɗauka, kuma alƙalansa shigar da ta fi burgewa suke ba kyauta.