Daga Madafar Golgi zuwa Taswirar Ƙwaƙwalwa

A shekarar 1873, cikin wata madafa ta asibitin Abbiategrasso da ke kusa da Milan a ƙasar Italiya, likita Camillo Golgi ya jiƙa tsokar ƙwaƙwalwa da sinadarin azurfa. Da ya duba ta da madubin ƙara girma, sai ya tarar ƴan ƙwayoyin jijiya kaɗan sun rine baƙi wuluk, tun daga jikinsu har rassansu, sauran kuwa ba su kama ba. Rowar da rinin ya yi ita ce albarkarsa, domin da dukansu sun kama, da ba a ga komi ba sai duhun kurmi.

Golgi ya ɗauka jijiyoyin saƙa ɗaya ce marar yankewa. Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sipaniya, wanda ya fara ganin rinin a 1887, ya kyautata shi, ya yi ta zanen abin da yake gani da hannunsa, har ya tabbata kowace ƙwaya zaman kanta take yi, tana miƙa saƙo ga maƙwabciyarta. An raba musu kyautar Nobel a 1906 ba tare da sun daidaita ba. Sai cikin shekarun 1950 madubin elektron ya nuna ɗan ratar da ke tsakanin ƙwayoyin, gaskiyar Cajal ta fito.

Bayan sanin ƙwaya ɗaya, sai aka nemi ganin ƙwaƙwalwa dukanta. A 2013 masanan Jamus da Kanada suka fitar da taswirar BigBrain, bayan sun yanka ƙwaƙwalwar mutum salasala 7,404, kwamfuta ta sake haɗa hotunan. A shekarar kuma, a jami'ar Stanford ta Amurka, ƙungiyar Karl Deisseroth ta wanke kitsen ƙwaƙwalwar ɓera har haske ya riƙa ratsa ta, a dube ta ba yanka. A 2023 aka wallafa taswirar ƙwaƙwalwar ɓera baki ɗaya, mai nau'o'in ƙwayoyi sama da 5,300, kowane da mazauninsa.

Duk da haka tafiyar da sauranta, tun da ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyar 86, kuma sai an san tsarinsu na lafiya kafin a gane yadda cutar mantuwa ko farfaɗiya ke ɓata shi. Mu malamai, ya kamata mu riƙe cewa Golgi da Cajal rini ɗaya suka duba, amma wanda ya fi haƙurin kallo da zane shi ya karanta shi daidai.