Faɗin Baki ko Ƙarfin Bugu: Nazari a kan Ma'aunin Bindigar Farautar Barewa a Dokokin Burtaniya

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta sharuɗɗan da dokokin Ingila, Sikotlan da Jamus suka gindaya wa bindigar da za a harbi barewa da ita. Matsayinta shi ne faɗin bakin bindiga, wanda dokar Ingila ta fi jingina da shi, ya fi kowane ma'auni rauni, kuma sauyin harsashi daga darma zuwa jan ƙarfe yana ƙara fito da rauninsa fili.

1.0 Gabatarwa

Nau'in barewa shida ke yawo a dazukan Burtaniya, kuma tazarar girmansu ita ce tushen matsalar. (Ana amfani da kalmar barewa a nan don dangin dabbobin nan masu ƙaho mai rassa, duk da cewa ba su ne barewar dajinmu ba.) Namijin jar barewa kan haura kilo 150, alhali nau'in ro da na munjak ba su fi matsakaiciyar akuya ba. Manufar kowace doka a wannan fage guda ce: dabbar da aka harba ta faɗi nan take, kada ta ɓace cikin ƙungurmi da rauni ta kwana tana jigata. Inda aka rabu shi ne abin da ya kamata a auna don cim ma hakan.

2.0 Abin da Dokokin Suka Tanada

A Ingila da Wels, Dokar Barewa ta 1991 ta haramta duk raifil da faɗin bakinta bai kai inci .240 ba, ko wadda ƙarfin bugunta a bakin bututu bai kai jul 2,305 ba, sannan ta wajabta harsashi mai taushin kai ko mai rami a kai, wanda zai buɗe idan ya shiga nama. Waɗannan alƙaluma gado ne daga dokar 1963. Sai a 2007 aka sassauta wa ƙanana biyu, munjak da barewar ruwa ta Sin, inda aka yarda da inci .220, jul 1,356 da harsashi mai nauyin giram 3.24. Ro ba ta samu wannan sassauci ba. Dokar Sikotlan ta 1985 kuwa ko ambaton faɗin baki ba ta yi ba. Ta ɗauki nauyin harsashi, gudunsa da ƙarfinsa: ga manyan nau'o'i giram 6.48, gudun kusan mita 747 a daƙiƙa da jul 2,373. Ga ro giram 3.24, gudu iri ɗaya da jul 1,356. Ke nan maharbin da ke riƙe da .223 zai harbi ro a Sikotlan bisa doka, in ya tsallaka Ingila da bindigar nan ya harbi irin dabbar nan ya aikata laifi.

3.0 Raunin Ma'aunin Faɗin Baki

Harsashin da ake kira .22 kaurinsa inci .224 ne, na .243 Winchester kuwa, wanda ya fito kasuwa a 1955 kuma ya zama mafi ƙanƙantar sananniyar bindiga da ta haye shingen Ingila, inci .243 ne. Bambancin bai kai rabin milimita ba. Abin da ke kashe dabba da sauri shi ne ɓarnar da harsashi ya yi wa zuciya da huhu, wannan kuwa ya rataya ne a kan zurfin da ya shiga da yadda ya buɗe a ciki, ba a kan kaurinsa kafin ya taɓa fata ba. Ƙarfin bugu rabin nauyi ne a ninka da gudu sau gudu, don haka harsashi marar nauyi mai zafin gudu yana iya cika alƙalamin jul cikin sauƙi. A nan giɓin dokar Ingila yake, domin ba ta ƙayyade nauyin harsashi ga manyan nau'o'i ba. Harsashin .243 mai kimanin giram 3.6, wanda aka ƙera don dila da zomo kuma yake tarwatsewa da zarar ya taɓa jiki, yana wuce jul 2,305, saboda haka a rubuce ya halatta a kan ƙaton namijin jar barewa, ko da zai fashe a kan ƙashin kafaɗa bai kai huhu ba. A gefe guda, akwai harsasan .22 masu nauyi da ƙwari da ke kai wannan ƙarfi, amma an haramta su a kan ro mai kilo 20. Dokar da ta halatta na farko ta hana na biyu ta auna abin da ke da sauƙin aunawa ne, ta bar abin da ke da muhimmanci.

Akwai kuma batun wurin da ake awon. Dokokin Burtaniya duka suna auna ƙarfi a bakin bututu, alhali ba a nan barewa ke tsaye ba. Sashe na 19 na dokar farauta ta tarayyar Jamus yana aunawa ne a nisan mita 100: jul 1,000 ga ro, jul 2,000 ga sauran manyan namun daji masu kofato. Gaskiya ne Jamus ta haɗa da sharaɗin milimita 6.5 ga manyan, amma ga ro ta wadatu da ƙarfin da ya isa jikin dabbar, wanda shi ne ya fi kusa da abin da ake nema.

4.0 Sukar da Ake Yi da Amsarta

Hujja mafi nauyi ta masu kare tsarin Ingila ita ce sauƙin aiwatarwa. Faɗin baki a buge yake jikin bututu, kuma da shi 'yan sanda ke ba da lasisi. Jami'in da ya tare maharbi a daji ba ya yawo da na'urar auna gudun harsashi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai dokar Ingilar kanta ta riga ta ƙunshi sharaɗin jul, wanda shi ma ba a ganinsa da ido, kuma nauyin harsashi a rubuce yake jikin kwalinsa. Sikotlan, inda aka fi ko'ina a Burtaniya yawan jar barewa, ta tafiyar da farautarta tun 1985 ba tare da ƙayyade faɗi ba. Hujja ta biyu ita ce babban harsashi yana rufa wa maharbi asiri idan hannunsa ya ɗan kauce, kuma iska ba ta karkatar da shi kamar ƙarami. Amma jure wa iska aikin nauyi da siffa ne, wato daidai abin da dokar Ingila ta yi shiru a kansa. Harbin da ya sauka a tumbi kuwa, rabin milimita ba zai gyara shi ba. Inda masu sukar suka yi daidai shi ne wajen manyan nau'o'i: ƙananan bindigogi irin su .222 da .223 ba su dace da su ba. Sai dai sharaɗin nauyi da ƙarfi ya isa ya fitar da su ba tare da an ambaci inci ba.

5.0 Jan Ƙarfe da Makomar .243

Darma ta fi jan ƙarfe nauyi a girma ɗaya, kusan 11.3 a kan 9. Saboda haka harsashin jan ƙarfe mai giram 6.48 ya fi na darma tsawo, kuma murɗin zaren da ke cikin yawancin bututun .243, zagaye ɗaya a kowane inci 10, ba ya juya shi yadda zai tafi a miƙe. A 2023 Sikotlan ta sauke mafi ƙarancin nauyi zuwa giram 5.18 don wannan dalili, ta bar sharaɗin ƙarfi yadda yake. Lissafi ya nuna irin wannan harsashi sai ya fita da gudun kusan mita 957 a daƙiƙa kafin ya cika jul 2,373, abin da gajeren bututu, irin wanda ake yankewa don ɗaura na'urar rage ƙara, zai iya gazawa a kai. Tsarin da aka gina a kan nauyi da ƙarfi ya karɓi gyara da sauya alƙalami ɗaya. A 2025 gwamnatin Burtaniya ta sanar da shirin hana harsashin darma a manyan raifil na farauta, wanda ke nufin maharban Ingila ma za su koma jan ƙarfe da dokar da aka tsara a zamanin darma. Abin da ya kamaci majalisa shi ne ta cire sharaɗin inci .240, ta ƙayyade nauyin harsashi ga manyan nau'o'i, ta mayar da awon ƙarfi zuwa mita 100, ta kuma sa ro a sahun munjak kamar yadda girmanta ya nuna.