Logan (fim na 2017)

Logan fim ne na ƙasar Amurka wanda James Mangold ya ba da umarninsa, kamfanin 20th Century Fox kuma ya fitar da shi ranar 3 ga Maris, 2017, bayan an fara nuna shi a bikin fina-finai na Balin a watan Fabrairu. Jaruminsa, Logan, wato Wolverine, ya samo asali ne daga mujallun zane na kamfanin Marvel tun 1974, kuma Hugh Jackman ne yake fitowa a matsayinsa tun fim ɗin X-Men na 2000.

An ɗora labarin a shekarar 2029, lokacin da tsufa ya cim ma Logan, ƙarfen adamantiyam da aka dasa a ƙasusuwansa ya zame masa guba, baiwar warkewar da jikinsa yake da ita kuma ta ja baya, har ya koma tuƙin motar haya a kan iyakar Amurka da Meziko domin ya sayi maganin Farfesa Xavier, malaminsa da ciwon mantuwa ya kama, wanda Patrick Stewart ya fito a matsayinsa.

Inda masu sharhi suka saɓa shi ne tushen fim ɗin. Da yawa suna jingina shi ga Old Man Logan, labarin zanen da Mark Millar da Steve McNiven suka fara fitarwa a 2008, amma abin da aka ɗauko daga can bai wuce tsufan jarumin da doguwar tafiya a mota ba, domin manyan mutanen wancan labari, irin su Hulk da Hawkeye, ba sa cikin waɗanda Fox yake da haƙƙin amfani da su. Tushen da ya fi ƙarfi shi ne fina-finan kaboyi, musamman Shane na 1953, wanda aka nuna Xavier da wata yarinya mai suna Laura suna kallo a ɗakin otel, kuma daga cikinsa yarinyar ta ɗauko kalaman da ta karanta a bakin kabarin Logan. An ba fim ɗin matakin R, wato na manya, kuma nasarar fim ɗin Deadpool a 2016 ta sauƙaƙa wa kamfanin amincewa da hakan.

Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 600 a duniya, rubutun labarinsa ya shiga takarar lambar Oscar, sannan Jackman ya sake fitowa a matsayin Wolverine a 2024.