Suna Linzami: Kalmar "Kuturu" a Takardar Likita

Duk ɗan Damagaram ya san unguwar Kara-Kara. Can aka keɓe masu ciwon kuturta, kuma har yau jikokinsu, waɗanda ko tabo ba su da shi, sunan na bin su. Hausawa sun ce suna linzami ne. To, ina ga sunan da likita ya rubuta da hannunsa?

A 1873 likita Hansen, ɗan ƙasar Norwe, ya gano ƙwayar cutar da ke kawo kuturta. Ashe ba gado ba ce, ba baki aka yi wa mutum ba. Amma takardun likitocin Faransa ba su canza ba: kalma guda suke sawa, lépreux, wato kuturu. Ciwon ya zame wa mutum suna.

Likitoci da kansu sun ga ɓarnar. A 1948, a taron masana kuturta na Habana, ƙasar Kuba, aka yi shawarar a bar kiran maras lafiya da wannan suna. A 1995 Burazil ta yi doka ta hana kalmar a takardun hukuma, sai dai a ce ciwon Hansen. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi gwamnatoci su share ta daga rubuce-rubucensu.

Wani zai ce, kalma ce kawai fa. To mu duba. Mace daga Dogo ta ga farin tabo a bayanta wanda ba ya jin taɓi. Ta san karnen likita ba ya da sirri: miji zai gani, mai sayar da magani zai gani, wanda za a ba ya karanta mata ma zai gani. Sai ta rufe da zane ta yi shiru. Ciwon kuwa yana cin jijiya a hankali, kuma jinkirin nan shi ke kawo dungu. Alhali tun 1981 akwai haɗin magani mai warkarwa, tun 1995 kyauta ake ba da shi, a sha wata 6 ko 12. Wanda ya fara sha ba ya ƙara shafa wa kowa.

Ƴan uwa ɗalibai, cikinmu akwai waɗanda gobe za su riƙe biro a gidan likita. Ku fara rubuta sunan mutum, sannan ciwon da ke damunsa, sannan ranar da ya fara magani. In ya warke, ku rubuta cewa ya warke, don karnen zai daɗe a hannunsa bayan ciwon ya tafi.